Ranar da Aradu ta Faɗa Gonarmu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, 'yan'uwa, salama ta tabbata a gare ku duka.

Da yawanku kun san muryata kafin ku san fuskata. Ni ne Ishaya, mai karanta labaran yamma a gidan radiyo nan Agiye. A wurin aiki an koya mini in faɗi labarin rasuwa da na farashin wake da murya ɗaya, ba rawa, ba gaggawa. Yau ma zan gwada, amma wannan labarin nawa ne. In muryar ta karye, ku yi mini haƙuri.

Tun ina yaro nake tsoron tsawa. Ba irin zaburar da kowa ke yi ya ci gaba da aikinsa ba. Ni da na ga gabas ta yi baƙi, bakina zai bushe, tafin hannuna ya jiƙe. In aka fara cida, sai in nemi wurin ɓuya.

Na san inda abin ya faro. A ƙauyenmu, wajen Gazawa, aradu ta faɗa wa kawuna a gona. Na bi uwata muka je. Muka tarar mutane sun yi zobe, shi yana kwance a tsakiya yana nishi, ba wanda ya matsa kusa. Haka muka gada: wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi, don ana cewa wutar na nan a jikinsa, za ta koma kan duk wanda ya kai hannu. Sai an kawo nonon shanu an yayyafa, sai mutanen gidan da suka gaji maganin aradu sun zo sun yi nasu. A wannan magana Musulminmu da Kiristanmu da masu bin al'adar kakanni bakinmu ɗaya ne. Aka aika a kira masu maganin daga wani ƙauye. Kafin su iso, nishin ya tsaya.

Na yi lakol, wato makarantar boko, na girma, na yi aure, tsoron ya girma tare da ni. Sai na koyi zama da shi. Ina da auduga ta toshe kunne a aljihun kowace riga. Da hadari ya taso, zan kashe salula, in kife madubi, in fitar da duk wani ƙarfe daga ɗaki, in zauna ƙasa a kusurwar da ta fi nisa da taga. Da damina ba na tafiya mai nisa bisa moto, wato babur. A buro, wurin aikinmu, nakan yi musanyar lokacin aiki da abokina Sani, in karɓi na safe, don hadarinmu ya fi tasowa da la'asar. Sani yakan ce wa mutane, wanda ke son sanin ko za a yi ruwa kada ya dubi sama, ya duba ko Ishaya ya zo aiki. Nakan rama da cewa shi kuma in ya ga allura sai an riƙe shi kamar ɗan akuya. A yi dariya a wuce. Amma shi allura sai ya je inda take. Ni tawa ita ke zuwa har gida.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Kowace damina ni ke gayyato majo, babban ma'aikacin gidan likita, cikin shirinmu na kiwon lafiya. Da kunnena na ji shi yana cewa mutumin da aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a ɗauke shi nan take a kawo shi gidan likita. Ni kuma in maimaita wa masu saurare da tsabtatacciyar Hausa. Kaina ya yarda. Jikina bai taɓa yarda ba.

Ban taɓa kawo wannan gaban ikilisiya a yi mini addu'a ba. Namiji, magidanci, mai karanta nassi ranar Lahadi, ya tashi ya ce tsawa yake tsoro? Matata Rahila kaɗai ta san iyakarsa. Ita ke rufe tagogi, ta kwashe yaranmu, su Hannatu, zuwa ɗakinta, ta sa su waƙa, don kada su ga ubansu a duƙe.

A daminar da ta wuce, gero ya kai ƙugu, wata ranar la'asar, Rahila ta tafi gonarmu ta bayan gari maimaita noman wake. Ina gida. Iska ta canza, ta zo da sanyi da ƙanshin ƙasa. Na leƙa gabas na ga abin da na saba gani. Na tuna tana waje. Na ce wa kaina ta fi ni sanin hadari, za ta taho. Na shiga kusurwata, na toshe kunne.

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Sai aka yi wani haske da ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa, fari fat, kuma tsawar ba ta jira ba, tare suka zo. Audugar ba ta tare kome ba. Kwanon rufi ya amsa, haƙorana suka haɗu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a nan ba. Bugun ƙofa ya dawo da ni. Maƙwabcinmu ne, Malam Idi, wanda gonarsa ke jikin tamu.

"Ishaya, fito. Ta faɗi bisa tsamiyar gonarku. Maman Hannatu na ƙarƙashi."

Na tambaye shi ko tana da rai. Ya ce bai sani ba, ba wanda ya matsa.

Ba wanda ya matsa. 'Yan'uwa, na san ma'anar wannan magana fiye da kowa.

Na miƙe, na kai bakin ƙofa, na buɗe. Ruwa na zuba, sama na walƙiya ta kowane gefe. Ƙafafuna suka tsaya a dokin ƙofa kamar an kafe su. Ina ce musu ku tafi, sun ƙi. Malam Idi na tsaye cikin ruwa yana kallona, bai gane abin da ke riƙe da ni ba. Ya ce, "Mi kake jira, bawan Allah?" Aka sake cida, na ji ina zamewa ƙasa a jikin ƙofar.

A nan na yi addu'a. Ni da magana ce sana'ata, ban sami jimla ɗaya cikakkiya ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ƙafafuna. Yesu, ka ɗauki ƙafafuna." Na ce masa ban iya ba, ya sani ban iya ba, tun ina yaro ban iya ba. Na ce in ya bar ni a nan, matata za ta mutu ana kallonta.

Zan faɗi abin da ya faru daidai, ba ƙari. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Tsoron bai fita ba.  Amma ƙafar dama ta ɗaga ta sauka cikin ruwa, ta hagu ta bi ta. Na san ba ni na ɗaga su ba, don na shekara da shekaru ina gwadawa.

Muka kama hanya da gudu. A tsakiyar gonaki, inda babu ko bukka, aka saki wata tsawar a kanmu. Na faɗi a gwiwa cikin laka, na rufe kai da hannu. Malam Idi ya kama ni ta hammata ya ɗaga. Na ci gaba da kiran sunan Yesu, kowane taki da kira ɗaya.

Daga nesa na hango zoben mutane. Tsamiyar ta tsage, wani reshe na hayaƙi cikin ruwa. Suka buɗa mini na shiga. Rahila na kwance ruf da ciki, hauyarta a gefe, zanenta ya ƙone ta baya. Inda ta faɗi ɗan kwari ne, ruwa na taruwa, ya riga ya kai gefen bakinta. Na ga ƙananan kumfa na tashi kusa da hancinta. Tana numfashi, amma ruwan na hawa.

Wani dattijo ya shaida mini an aika ruga a kawo nono, an kuma tura mai moto ya ɗauko mai magani, in yi haƙuri in tsaya. Ba mugunta ba ce. Wasu matan kuka suke yi, wasu mazan na ta salati. Kowa na son ta rayu, kowa na tsoron hannunsa.

Na yi gaba. Goggona, ƙanwar ubana, wadda ke zaune tare da mu a unguwa, ta damƙe mini riga ta baya.

"Ɗan nan, kana so mu rufe biyu? Wa za ya riƙe ɗiyanku?"

Na ce, "Goggo, ruwa zai shiga hancinta."

Ta ce, "Ka bari nono shi iso. Wutar na jikinta, kai ma ka sani."

Kuma gaskiyarta, jikina ya sani. Duk abin da majo ya faɗa ya gudu daga kaina. Na dubi bayan Rahila ina ganin kamar da na taɓa ta zan ƙone. Sama kuma ba ta daina ba. Na tuɓe rigar na bar ta a hannun Goggo, na durƙusa.  Na ce, "Ubangiji, in mutuwa ce, a hannunka nake." Na ɗora hannu a kafaɗarta.

Sanyi na ji. Sanyin ruwa, da ɗumin jikin matata a ƙarƙashinsa. Babu wuta. Babu kome.

Na juya ta bisa gefe, na ɗaga kanta daga ruwan, na sa yatsa na kwashe yashin da ya cika mata baki. Ta yi wani tari, ruwa ya fito, ta ja numfashi mai ƙara. Kowa na jiran ya ga na faɗi. Ban faɗi ba.

Na ɗaga kai na ce ina neman wanda zai kama mini ƙafafunta. Ba wanda ya motsa. Sai Malam Idi ya ce bismillahi, ya ratso zoben, ya kama. Da suka ga shi ma yana tsaye, wani ya ruga ya jawo amalanken jakinsa. Muna ɗora ta, ga wata Bafillatana ta iso a guje da ƙwaryar nono, ta jiƙe sharkaf. Ta dube mu, ta dubi hannuwanmu. Ta ajiye ƙwaryar, ta cire bargon da ta yafa ta lulluɓe Rahila da shi. Allah ya saka mata da alheri.

Hanyar gidan likita ba ta taɓa yi mini nisa kamar ranar ba. Jakin na turjewa duk lokacin da aka yi walƙiya. Ina zaune bisa amalanke, ba riga, kanta a cinyata, ina sa kunne a bakinta in ji ko numfashin na nan. Yakan yi ƙasa har in ce ya tafi, sai ya dawo. An yi tsawa sau nawa a hanyar, ban sani ba. Kunnena na wani wuri.

Majo ya karɓe ta da hanzari, suka shiga da ita, aka bar mu a baranda. Da ya fito ya ce zuciyarta na aiki, ƙunar ba ta yi zurfi ba. Ya ce abin da ya kusa kashe ta ba aradun ba ce, ruwan da ke bakinta ne, kuma da an ƙara jira kaɗan, da labarin ya zama wani.

Wajen magariba ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallona, laka har gira, ruwa na ɗiga daga wandona, ana ta cida a waje. Ta motsa baki, na sunkuya.

"Baban Hannatu, kai ne a waje? Ana tsawa fa."

A nan muryar da aka horar ta ƙare. Na yi kuka a gaban majo da Malam Idi da Goggo, ban ɓoye ba.

Ga ta can zaune cikin zumuntar mata. Kunnenta na hagu bai dawo sosai ba, akwai tabo a bayanta. In za ku gaishe ta, ku bi ta dama. Amma tana raye, tana noma, tana yi mini faɗa. Yabo ga Ubangiji!

Ni kuma ba zan ce muku na zama jarumi ba. In aka yi tsawa har yanzu ina zabura. Amma yanzu zabura ce irin ta kowa, ta zo ta wuce. Sauran daminar nan na karanta labaran yamma ana ruwa bisa kwano, kuma da majo ya dawo cikin shiri, na ce wa masu saurare ni shaida ne, da hannuna na taɓa.

Na san a cikinmu akwai mai tsoron duhu, mai tsoron rijiya, mai tsoron shiga mota, mai tsoron abin da ba ya iya faɗa wa kowa. Kada ka ɓoye kamar yadda na ɓoye. Ka faɗa wa ɗan'uwa, ka kawo mu yi addu'a tare. Kada kuma ka jira sai tsoron ya fita sannan ka dogara ga Allah. Ni yana cikina aka ɗaga ni. Ka kira Yesu a inda ka kafe, ko da kalma biyu ce.

Na gode wa Malam Idi, na gode wa majo da ma'aikatansa, na gode wa Goggo da ta riƙe ni don ƙauna. Godiya mafi girma ga Allah Uba, wanda ya ba ni ƙafa ranar da ba ni da ita, ya bar mini matata. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.