Jikan Hajiya Zai Koyi Ibrananci

A tashar Gusau, cikin motar Bungudu da ke jiran cika, wata dattijuwa ta kashe waya ta juya ga mutumin da ke gefenta.

"Malam, ka taɓa jin Ibrananci?"

"Yaren Yahudawa? Ko a rediyo ban taɓa ji ba, Hajiya."

"Madalla. Ɗiyata Rakiya ce a Amurka. Makarantun firamare biyu ne kusa da gidansu, duk kyauta, ta ce in zaɓa wa jikana. Guda Turanci ake yi, guda kuwa Ibrananci tun safe har tashi. Na ce ta kai shi ta Ibranancin."

"Ikon Allah! Akwai mai jin shi a danginku?"

"Babu."

"To mi zai yi da shi?"

"In ya kira ni, Turanci yake zuba min, uwar tana fassara, uban yana dariya. Ni kaɗai ce kurma a wayar. In ya fara wanga yare, dukanmu mun zama kurame."

"Hajiya, ai ba zai manta Turancin ba."

"Ba a mantawa?"

"Yaro ba ya manta yare."

"To Hausar da ya tafi da ita fa, Malam, ina ta shiga?"