Famfas a Kwata

"Mama, me ya sa wannan baban yake wari?"

A bencin jiran likita suke, kusa da wani dattijo. Uwar ta yi sauri ta toshe wa yarinyar baki, jaririnta mai gudawa yana kwance a cinyarta.

"Yi haƙuri, Baba."

"Ƙyale ta, gaskiya ta faɗa," in ji dattijon yana dariya. "A matatar ruwan ƙazanta nake aiki. Tun safe nake zaƙulo famfas daga ragar tacewa."

"Famfas kuma? Ai ruwan kwata ne ke tafiya da shi."

"Tafiya ina, 'yata? Wurina yake zuwa. In ya toshe ragar, ƙazanta ta yi ambaliya, sai cikin kogi. Kifi ya mutu, 'yan garuwa su ɗebo su kawo muku."

Ta dubi gorar ruwan da ke hannunta, sannan ta dubi jaririn.

"Kullum uku nake jefawa," ta ce a hankali. "Daga yau na daina. Matan layinmu ma, gida-gida zan bi su."

"Za su zage ki."

"Su zaga. Ɗana ne a kwance."

Ke mai jefa famfas a kwata, ba ɓacewa yake yi ba. A kofin ɗanki zai dawo.