Saƙon Kofur Sale da na danne shekara talatin

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Na san ƙasar da muke, ba zan ɗaga murya ba don kada maƙwabtan Mama Rifkatu, mai gidan nan da muke taro, su ji. Ku matso kusa, yau zan tona wa kaina asiri.

A nan Riyad kun san ni da Oga Nebi, wato na sojan ruwa, direban nan na unguwar ofisoshin jakadanci mai guge wando har ya yi kaifi. Sunana Bulus, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Gaskiya ne na yi sojan ruwa a zamanin yaƙin Laberiya, a jirgin da ke jigilar sojoji. Amma labaran jarumtar da na sha ba ku bayan sujada, ku watsar da su. Ban taɓa harbin kowa ba, ƙafata ma ba ta wuce bakin tasha ba.

Aikinmu shi ne mu ɗebi sojojin ƙasa daga Legas mu sauke su can, mu kwaso masu rauni mu dawo. Da yawansu 'yan arewa ne da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba. Jirgi na fara tangaɗi sai amai. Mu kuwa masu fararen kaya muna sama muna toshe hanci, sai ka ce a cikin teku aka yanke mana cibiya. Wasu abokan aikina suna ce musu shanu. Ni da na girma a bayan shanun babana, ni na fi kowa ƙyaƙyata dariya. Don kada a haɗa ni da su na koma Paul, na ce a Legas na tashi, ko "zo" ba na ji da Hausa. Ku dubi ƙasƙanci, mutum ya ji kunyar harshen da uwarsa ta rarrashe shi da shi, don ya burge waɗanda ba su san sunan garinsu ba.

A wata dawowa aka sa ni da wasu biyu mu raba ruwan sha a ƙasan jirgi, inda aka shimfiɗe masu rauni. Wani kofur da harsashi ya samu a ciki ya kama ƙafar wandona.

Ya ce, "Ɗan'uwa, na ga tsagar fuskarka, kai namu ne. Sunana Sale." Ya faɗi ƙauyensu, can bayan Funtuwa. "Don Allah ka je wa babana. Na bar matata Hajara da ciki, na ce a gaban mutane ba nawa ba ne. Fushi ne, ƙazafi na yi mata. Cikin nan nawa ne. Ka gaya musu."

Abokan nan biyu suka zuba mini ido. Ɗaya ya tambaye ni da Turanci me yake cewa. Na ɗaga kafaɗa na ce ina zan sani. Na fizge wandona, har da kakkaɓe inda ya taɓa. Kafin mu iso Legas ya cika.

Shekara talatin da ɗoriya maganar nan na kaina, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Na yi aure, na haihu, na zama dattijon ikilisiya mai karanta Littafi da kakkaurar murya. Munafuki ne kawai a cikin farar riga. In na ga mace mai ciki sai in kau da kai. Da na zo Riyad ma ban fasa ba. Masu aikin gini 'yan Kano da Maraɗi su ce, "Sannu Baba," in amsa da Turanci ta hanci, ni da su kuwa duk igama ɗaya, takardar izinin zaman baƙi, muke ɗauke da ita a aljihu.

Bara da tsakar zafi ana gyaran katangar gidan da nake tuƙi, sai wani lebura ɗan Damagaram ya yanke jiki ya faɗi. Motar asibiti ta zo. Ma'aikacin yana ta tambaya da Larabci, shugaban leburorin bai san komai ba, shi kuwa bawan Allah yana ta nanatawa da Hausa a hankali cewa yana da ciwon suga, ya yi allura bai ci abinci ba. Ni kaɗai nake jin sa. Ina tsaye da makullin mota, bakina ya yi nauyi irin na ranar nan a jirgi.

Na ce a zuciyata, "Yesu, kada ka bar ni in maimaita." Ban san lokacin da gwiwoyina suka sauka a kan kwalta mai ƙuna ba. Na ce, "Faɗa mini, ina jin ka." Na fassara musu, suka ba shi abin da ya dace, ya tashi.

Ranar na rufe ɗakina na yi kuka a gaban Ubangiji, na furta abin da ban taɓa faɗa wa matata ba. Na nemi hutu, na hau jirgi zuwa Kano, na nemo ƙauyen.

Baban Sale ya daɗe da rasuwa. Hajara ma ta rasu shekara biyu kafin zuwana, a gidan iyayenta, inda aka mayar da ita tun tana da cikin. Ɗan yana nan, magidanci mai facin taya a bakin hanya. Musa na Hajara ake ce masa, domin ba a yarda a kira shi da sunan uba ba.

Na gaya masa duka. Ya ajiye tayar hannunsa ya ce, "Tun yaushe ka san wannan?"

Na ce, "Tun kafin a haife ka."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa ƙazantar da aka taka, kuma na cancanta. Ya ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi."

Ya kai ni ƙofar gidan baffansa bayan la'asar, dattawa na zaune. Na faɗi saƙon Sale da Hausa, da ƙarfi, yadda ya faɗa mini. Baffan ya sunkuyar da kai. Sannan ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Musa ɗan Sale, zo ka zauna."

Musa bai zauna ba. Ya ce, "Ita uwata fa?"

 

Bai ce ya yafe mini ba, bai ba ni hannu ba. Amma Yesu ya yafe, ya kuma buɗe bakin da girman kai ya ɗinke. Ina gode masa da dukan raina, yabo ya tabbata ga sunansa. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ba abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma in akwai maganar wani a bakinku, ku kai ta tun mai jiranta yana da rai. Ni na kai tawa ne ga kabari. Amin.