Saja Badi'a, wadda fim ya tsallake

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagacin Gubuchi, Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwana tsofaffin sojojin sama da kuka taso daga Ikara da Hunkuyi, sannunku da hanya. Baba Malam Tanko, mahaifin marigayiya, da 'ya'yanta Saminu da Rumaisa, ya ƙarin haƙuri?

Sunana Ja'afaru. An tsayar da ni ne don tare muka yi aiki da Saja Badi'a a Kaduna, ba don na iya magana ba. Gwiwoyin nan ma ba sa son tsayuwa, ba zan ja ku da nisa ba.

Ta kasance bakanikiyar jirgin soja a lokacin da ko a garejin mota ba ka ganin mace. Ta kasance mai faɗa, wannan ba zan ɓoye ba, na sha masifa a kan sifana ɗaya da na bari ƙarƙashin fiffike. Ta kasance, bayan ta yi ritaya ta dawo gida, ita muke kira in injin niƙa ya tsaya ko injin ban-ruwa ya ƙi tashi. Sai ta gama mana faɗa tsaf sannan ta gyara.

Abu ɗaya ta so a duniya bayan na ibada: a san cewa mata irinta, 'yan ƙauye irinmu, su ma sun ɗauki wannan aiki.

Da muka ji wasu masu shirya fim na haɗa tarihin sojojin sama, mu muka yi ta bin su har suka zo Gubuchi. Ranar tana kwance a asibiti a Zariya, sai suka zauna da Baba a zaure. Suka ce ya faɗi sunan 'yarsa da aikin da ta yi.

Duk wanda ke nan ya san abin da su ba su sani ba: Badi'a 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya yabe ta gaban baƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Waccan ɗin? To, tana dai 'yan taɓe-taɓenta a can."

Su ba sa jin Hausa, sai tafintan da suka zo da shi ya mayar musu da maganar yadda take. Suka naɗe kayansu suka tafi.

Fim ya fito. Matuƙa ne da manyan hafsoshi, ba mace ko ɗaya cikin kayan aiki. Ta kalle shi a waya har ƙarshe, har sunayen da ke wucewa. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ja'afaru, rabu da su. Ai jiragen sun tashi."

Ba mu rabu da su ba. Mun buga waya, mun je ofis, an ce mu dawo, mun dawo. Wallahi mun gaji. Ni dai na gaji, ba na jin kunyar faɗa.

Saminu, Rumaisa, kada ku riƙe kakanku a zuci. Tarbiyyar da aka yi masa ke nan, mu ma ita aka yi mana.

Jiya da hantsi Baba ya aika aka kira ni. Ya ce, "Kunna wayar nan taka, ka ɗauke ni." Na kunna. Sannan ya dubi wayar ya ce, "Badi'atu 'yata ce. Ita ke gyara jirgi. Ta iya."

Na aika wa mutanen fim. Ko za su saka, ko ba za su saka ba, ban sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ita ba ta ji ba.

Mun gode muku da kuka baro gonakinku kuka zo. Allah ya jiƙan Badi'atu 'yar Malam Tanko, ya haskaka makwancinta, ya sanyaya zuciyar mahaifinta. Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.