Ba a Tashe Su Daga Masaƙa Ba

MALAMA: Salamu alaikum. Halo? Maman Auta?

MAMAN AUTA: Wa alaikumus salam. Da wa nake magana?

MALAMA: Haba, har kin goge lambata? Malamar su Auta ce, ta tarihi.

MAMAN AUTA: Au, Malama! Yi haƙuri, ban ko duba wayar ba na ɗauka. Ina wuni?

MALAMA: Lafiya lau. Ya gida, ya yara?

MAMAN AUTA: Alhamdu lillahi. Ya gajiyar jiya?

MALAMA: Gajiya ta bi lafiya, ƙafafuna ne dai har yanzu ba su yafe mini ba. Ya aikin asibiti?

MAMAN AUTA: Da godiya. Yau ma ban leƙa ba.

MALAMA: Baban Auta ya dawo daga tafiyar kuwa?

MAMAN AUTA: Tukuna dai.

MALAMA: Allah ya dawo da shi lafiya. Dama alfarma na kira nema. Shugabar makaranta ta ce kowa ya faɗi inda zai kai ɗalibansa zango mai zuwa. Na yi tunanin gidan ruwa, su ga yadda ake tace ruwan famfo, ko kotu, su zauna su ji shari'a. Sai na tuna ke a ɗakin gwajin jini kike. In za a bar su su leƙa madubin nan naku na ganin ƙwayoyin cuta, ai da...

MAMAN AUTA: Malama, dakata. Ajiye zancen zango mai zuwa. Ina kika kai mana yara jiya?

MALAMA: Tsohuwar masaƙa mana. Ba na sanar da iyaye ba?

MAMAN AUTA: Kun shiga ciki?

MALAMA: Ina fa! Ƙofar a garƙame da sarƙa, kwaɗon duk tsatsa. Mai gadin da ya yi mana alkawari ko ƙeyarsa ba mu gani ba. A gindin katanga muka ƙare.

MAMAN AUTA: To audugar da na tsefe daga kan Auta fa?

MALAMA: Me kika ce? Layin na yankewa.

MAMAN AUTA: Auduga na ce! Gashinta, girarta, har cikin kunne, duk burbushin auduga. Kuma kanta a rufe ta fita, a rufe ta dawo.

MALAMA: Kai, Maman Auta. Wurin da aka rufe tun kafin a haifi yaran nan? Ciyawa ce kawai da ƙadangaru.

MAMAN AUTA: Ni ma abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Tun da ta shigo take magana da ihu, kamar ina ƙetaren titi. In na amsa sai ta kafe bakina da ido, wai ba ta ji, injuna sun cika ƙara.

MALAMA: Tsokana ce, kin san Auta.

MAMAN AUTA: Ni na haife ta, na san tsokanarta. Hannunta fa bai huta ba. Duk zaren da ta gani sai ta tsinka ta sake ɗaurawa, gezar labule, gezar darduma. Wani ɗan mitsitsin ƙulli take yi da yatsu biyu, kafin ki ƙifta ido ta gama. Yarinyar da ko maɓalli ba ta iya ɗinkewa! Wallahi tsoro nake ji, Malama.

MALAMA: Ɗaurin zare kika ce?

MAMAN AUTA: Eh. Me ya faru?

MALAMA: Inna lillahi. Ni na ba ta aikin nan.

MAMAN AUTA: Wane aiki kuma?

MALAMA: Da na ga babu shiga, sai na ce kada tafiyar ta tashi a banza. Na sa suka manna kunne a katanga, suka rufe ido, na ce su ɗauka injunan na aiki, su ne ma'aikatan. Na raba musu: wannan mai zuba wa inji mai, wannan mai tura keken auduga, Auta mai ɗaura zaren da ya tsinke. Haka nake koyarwa kullum, ko a aji.

MAMAN AUTA: Sai aka yi yaya?

MALAMA: Sai hadari ya taso, direba ya dinga danna mana hon, muka ruga mota. A hanya ba wanda ya ce uffan, na ɗauka gajiya ce.

MAMAN AUTA: Kin gaya musu wasa ya ƙare?

MALAMA: A aji nakan tafa hannu in ce an tashi, kowa ya koma kansa. Jiya ban yi ba. Ruwan nan ya mantar da ni.

MAMAN AUTA: To ki gaya mata yanzu, ga ta nan a tsakar ɗaki. Yau Asabar, amma kin ga ta saka kayan makaranta.

MALAMA: Miƙa mata wayar. Amma fara kashe janareton nan, da ƙyar nake jin ki.

MAMAN AUTA: Wane janareto? Ba mu da shi. Babu wuta tun safe, ko fanka ba ta juyawa.

MALAMA: Wallahi ina jin abu a bayanki, kakat-kakat-kakat, ba ɗaya ba, da yawa.

MAMAN AUTA: Na shiga uku. Gidan nan tsit yake, Malama. Auta! Karɓi, malamarku ce.

AUTA: Halo! Ɗaga murya!

MALAMA: Auta, ni ce. Saurare ni da kyau, 'yata. An tashi. Kin ji na tafa? An tashi!

AUTA: Ba a tashi ba, Malama! Ba a tashin mutum ta waya! Saura kashi na biyu, ke kika ce! Kowa ya kama hanya, ni za a jira! Mama, riƙe, zan makara!

MAMAN AUTA: Ke, zauna! Malama, mene ne kashi na biyu?

MALAMA: Ki kulle ƙofa tukuna.

MAMAN AUTA: Tambayarki nake yi.

MALAMA: Darasin agajin gaggawa ne. Na tsara musu cewa za a yi hatsari, inji ya kama hannun ma'aikaciya ɗaya, sauran su koyi tsayar da jini. Kowa ya san inda zai tsaya. Ba mu kai wurin ba ruwa ya sauko.

MAMAN AUTA: Wace ma'aikaciya?

MALAMA: Don Allah ki kulle ƙofar, ki zare mukullin.

MAMAN AUTA: Malama, wace ce?

MALAMA: Mai ɗaurin zare.

MAMAN AUTA: Auta! Auta! Wayyo Allah, ƙofar a buɗe take! Ga ta can ta kai bakin layi, ga wasu 'yan ajinsu sun jeru, ba mai waiwaye!

MALAMA: Bi ta! Ina fitowa yanzu, zan tari mota. Kada ki bari ta kai katangar. Katina zai ƙare, in ya yanke ki ki...

MAMAN AUTA: Wane hannu kika ce mata? Halo? Malama! Wane hannun?