Sunana Kafin na Malamin Zane

— Salamu alaikum. Likitar da aka ji a rediyo jiya ce?

— Wa alaikumus salam, ni ce. Wa ke magana?

— Malaminki na ilimin halittu, aji huɗu. Ko muryar ma kin manta?

— Malam! Ina wuni? Ya gida, ya hutu?

— Lafiya lau. Ya aiki, ya yara?

— Alhamdu lillahi. Ya jikin Mama?

— Da sauƙi. Ba gaisuwa ta sa na kira ba. An tambaye ki wa ya ɗora ki a hanya, kika ce malamin zane. Mutumin da har ya yi ritaya bai san inda hanta take ba.

— Malam, ai shi ya...

— Ban gama ba. Gidansa na kallon nawa. Tun safe ya fito da kujera ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya ce masa ɗalibarsa ce ke binciken ciwon daji. Har ni ya tambaya ko na saurara.

— Shi ya hana mu zana abin da ke littafi, ya ce mu zana abin da ido ya gani. Da haka na lura da fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo daidai inda sababbin jijiyoyi ke tsirowa a jikin ƙarin daji.

— Yaƙarsa suke yi. Sojojin jiki ne, haka na koya muku.

— Wasunsu dai. Wasu kuwa ƙarin ne ke juya su, su riƙa fitar da sinadarin da ke janyo masa jijiyoyin jini. Da jinin yake girma.

— Me? Layin na rawa.

— Na ce ciyar da shi suke yi. Ai kana cikin laccar da zan gabatar ranar Asabar. Da maganarka zan buɗe, cewa farar ƙwaya ba ta taɓa haɗa baki da cuta, sannan in nuna ba haka ba ne. Shi ya sa na ɓoye sunanka.

— A farko zan zo?

— A farkon farko.

— Shi kuma?

— A godiya, can ƙarshe.

— To ki sa sunana cikakke, da manyan baƙaƙe.

— Malam, kuskure fa zan ce...

— Na ji. Bari in same shi kafin ya shigar da kujerar.