Motar da Ta Daina Yoyo

Ni na fara gane motar nan ta mutu, tun kafin bakanike ya ɗaga bonet. Ban yi boko ba, amma na binne motoci da direbobinsu, ni kuwa ga ni daram. Ina zaune a bencin gareji wata mata ta sa aka turo ta.

"Baba, da yoyon baƙin mai take yi, sai ta daina da kanta. Yanzu kuma ta ƙi tashi."

"Ta daina? 'Yata, tsohuwar mota ba ta daina yoyo sai in ta ƙafe. Wa ke ƙara mata mai?"

"Mahaifina, kullum da safe. Tunda ya kwanta ciwo ni nake tayar da ita, don ya ji ƙararta daga ɗaki."

"Ke ba ki ƙara ba?"

"Ni murna ma na yi, tsakar gida ta daina baƙi."

"To, injin ya cinye kansa. Sai dai a sa wani."

"Wallahi zai gane. Jiya ma sai da ya tambaye ni me ya sa safiya ta yi shiru."

Bakanike ya goge hannu.

Mai musu ya je ya zaro sandar awon man. In ya ga ɗigo ɗaya, ya zo ya aske mini gemu.